Gyaran ƙasa bayan haƙar kwal

Gyaran ƙasa bayan haƙar kwal shi ne aikin mayar da filin da aka tono kwal a cikinsa zuwa halin da za a sake amfani da shi, ko don noma da kiwo, ko daji, ko tafki, ko gine-gine. Aikin ya haɗa da cike ramuka, baje tsibin ƙasa da duwatsun da aka tono, mayar da ƙasar noma, shuka ciyawa da itatuwa, toshe bakin ramukan ƙarƙashin ƙasa, da tace ruwan da ke fitowa daga mahaƙar. A yawancin ƙasashen da ake haƙar kwal, doka ta ɗora wannan aiki a wuyan kamfanin da ya yi haƙar.

Batun ya ƙara jan hankali tun daga shekarar 2015, lokacin da manyan kamfanonin kwal na Amurka suka fara durƙushewa, sannan a 2020 Jamus ta kafa dokar daina amfani da kwal. Wahalar ita ce ana buƙatar mafi yawan kuɗin gyaran ne a daidai lokacin da mahaƙar ta daina kawo ko kwabo. Mahaƙa kan yi shekara 20 zuwa 50 tana aiki, amma gurɓataccen ruwanta kan wuce shekara 100 yana malala. Injiniyoyi sun daɗe da sanin dabarun gyaran. Abin da ake taƙaddama a kai yanzu shi ne wanda zai biya, da kuma inda aka ajiye kuɗin tun kamfanin yana da ƙarfi.

Abin da haƙar ke bari

Hanyoyi biyu ake bi wajen fito da kwal. Idan yana kusa da sama, sai a kwashe duk ƙasa da duwatsun da suka rufe shi, a bar wagegen rami a buɗe. Idan yana da zurfi, sai a haƙa rijiyoyi da hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa.

A haƙar sama, tarkacen da ake kwashewa ya ninka kwal ɗin da ake nema sau da yawa. Mahaƙar Hambach da ke yammacin Jamus ta kai zurfin kimanin mita 400, kuma tarkacen farko da aka fitar daga cikinta ya zama tsauni mai suna Sophienhöhe, wanda ya ɗara filayen da ke kewaye da shi da kimanin mita 200. A tsaunukan Appalachia na gabashin Amurka kuwa, kan tsauni ake fasawa da nakiya, a tura duwatsun cikin kwarin da ke ƙasa. Wani nazari na gwamnatin Amurka ya gano cewa tsakanin 1985 da 2001 an binne ƙoramu masu tsawon sama da kilomita 1,100 ta wannan hanya.

Haƙar ƙarƙashin ƙasa ba ta cika nuna ɓarnarta nan take ba. Bayan shekaru ginshiƙan da ke riƙe da rufin ramin sukan karye, ƙasar sama ta lotsa, bangon gidaje ya tsage. Wani lokaci kuma kwal ɗin da ya rage ya kama da wuta. A garin Centralia na jihar Pennsylvania wuta ta shiga tsoffin ramuka a 1962, har yanzu ba ta mutu ba. Majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 42 don kwashe mazauna garin, waɗanda a da sun haura 1,000, a yau kuma ba su kai goma ba.

Ruwa ne babbar matsala a kusan kowace mahaƙa. A cikin kwal da duwatsun da ke jikinsa akwai wani ma'adini da ake kira fayirait, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya wata illa. Da zarar an tono shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da asid irin na ruwan batir. Wannan ruwa mai tsami yana narkar da ƙarfe da sauran ma'adinai daga jikin dutse, ya kwarara cikin rafi. A can ƙarfen ke kwantawa kamar tsatsa, ya rine duwatsun rafin da launin ja ko ruwan ɗorawa, ya kashe kifi da ƙwarin da kifin ke ci. Ana magance shi ta hanyar zuba farar ƙasa don karya tsamin, ko a bi da ruwan ta cikin tafkuna da fadamun da aka gina domin tacewa. Duka hanyoyin biyu suna buƙatar kulawa da kuɗi kowace shekara, domin tsamin ba ya tsayawa sai fayirait ɗin ya ƙare ko an raba shi da iska gaba ɗaya.

Akwai kuma tsibin tarkace. Ranar 21 ga Oktoba 1966 wani tsibi da aka tara a kan maɓuɓɓugar ruwa ya zaftaro kan ƙauyen Aberfan a yankin Wales na Birtaniya, ya binne makarantar firamare. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara. Ranar 26 ga Fabrairu 1972 kuma wata madatsar da aka yi da tarkacen kwal ta ɓalle a Buffalo Creek da ke jihar West Virginia, ta halaka mutum 125. Waɗannan masifu biyu suna cikin abubuwan da suka tilasta wa majalisun ƙasashen kafa dokoki masu tsauri.

Yadda ake aikin

Gyara mai inganci tun kafin a fara haƙa ake soma shi. Ana kankare ƙasar saman, wadda ke ɗauke da taki da iri, a ajiye ta daban. Idan ta daɗe a tsibe takan rasa albarkarta, shi ya sa ake son haƙa da gyara su tafi tare: ana tonowa a gaba, ana cikewa a baya. Duwatsun da ke da fayirait ana binne su can ƙasa inda iska ba ta kaiwa. Bayan an daidaita filin a mayar da ƙasar noma a yi shuka.

Yankin Rhineland na Jamus ya yi suna wajen dawo da gonaki. A can ana shimfiɗa ƙasar noma mai kaurin aƙalla mita 2, kamfanin ya noma filin da kansa na kimanin shekara 7, yana farawa da ciyawar alfalfa mai dogon saiwa, kafin a miƙa wa manoma.

Abin da ya faru a Appalachia ya nuna cewa bin doka ma kan jawo kuskure. A shekarun 1980 da 1990 jami'ai sun fi damuwa da zaizayar ƙasa, don haka kamfanoni suka riƙa danne filin da katafila har ya yi tauri, su watsa irin ciyawa mai saurin yaɗuwa. Fili yakan yi kore cikin damina ɗaya, sufeto ya gamsu, a mayar wa kamfani kuɗinsa. Sai dai saiwar itace ba ta iya ratsa dannanniyar ƙasa, ɗan tsiron da ya fito ma ciyawa ta shaƙe shi. Wuraren da a da daji ne mai yawan itatuwa suka koma filin ciyawa da ƙaya, ba noma ba kiwo. Daga 2004 hukumomi da jami'o'in yankin suka fara yaɗa wata hanya dabam: a zuba ƙasa mai zurfin aƙalla ƙafa 4, a bar ta sakwa-sakwa ba tare da dannewa ba, a shuka ciyawar da ba ta gasa da itace, sannan a dasa itatuwa iri biyu, masu saurin girma da masu katako. Tsoffin filayen da aka riga aka danne kuwa sai an tsaga su da wani dogon haƙorin ƙarfe da katafila ke ja kafin a yi dashe. Hanyar ta fi sauƙin kuɗi ma, tunda aikin katafila ya ragu.

Dokar Amurka ta 1977

Sau biyu, a 1974 da 1975, Shugaba Gerald Ford ya ƙi sa hannu a kan dokar tarayya ta kula da haƙar sama. Shugaba Jimmy Carter ne ya sa mata hannu ranar 3 ga Agusta 1977. An fi sanin ta da taƙaitaccen sunanta, SMCRA, kuma ƙasashe da dama sun yi koyi da ita.

Dokar ta raba mahaƙu gida biyu. Ga waɗanda za a buɗe bayan 1977, ba a ba da lasisi sai kamfani ya gabatar da tsarin gyara, ya kuma ajiye jinginar da za ta ishi gwamnati ta yi aikin da kanta idan ya gudu. Dole a mayar da filin kusa da siffarsa ta asali. Ana sakin jinginar a matakai uku: har kashi 60 cikin 100 bayan an cike rami an daidaita ƙasa, wani kaso bayan shuka ta kama, ragowar kuma bayan shekara 5 na sa ido. A yankunan da ruwan sama bai wuce kimanin milimita 660 a shekara ba, shekara 10 ake jira.

Ga tsoffin mahaƙun da aka yasar kafin 1977, waɗanda masu su sun daɗe da ɓacewa, dokar ta kafa asusu da ake cikawa da harajin kowane tan na kwal da aka haƙa: santi 35 a haƙar sama, santi 15 a ta ƙarƙashin ƙasa, santi 10 a kan kwal mai laushi da ake kira lignait. Ba a taɓa ƙara wannan haraji ba duk da tsadar da kaya suka yi. Rage shi ma aka yi ta yi, har a 2021 ya koma santi 22.4, da 9.6, da 6.4. A lokaci guda kwal ɗin da Amurka ke haƙowa, wanda ya kai ƙololuwa a 2008 da sama da tan biliyan 1.1, ya ragu da kusan rabi. Wato asusun ya dogara ne da sana'ar da ke ja da baya don ya share dattin da ta bari tun tana tashe.

Wannan giɓi ne dokar gina ababen more rayuwa ta Nuwamba 2021 ta yi ƙoƙarin cikewa, inda ta ware kimanin dala biliyan 11.3 daga baitulmali, a raba wa jihohi da ƙabilun asali cikin shekara 15, ta kuma tsawaita karɓar harajin zuwa 2034. Shi ne kuɗi mafi yawa da aka taɓa zubawa a wannan aiki a ƙasar. Ma'anarsa dai ita ce nauyin ya tashi daga kan masu haƙar kwal ya koma kan masu biyan haraji gaba ɗaya. Kuma kuɗin na tsoffin mahaƙu ne kawai. Mahaƙar da aka ba lasisi bayan 1977, idan mai ita ya tsere, jinginarta ce kaɗai madogara.

Matsalar jingina

Jingina iri uku doka ta yarda da su. Kamfani zai iya ajiye tsabar kuɗi ko kadara. Zai iya sayen lamuni daga kamfanin inshora, wanda zai biya idan an kasa. Ko kuma, idan littattafan kuɗinsa sun nuna yana da ƙarfi, ya tsaya wa kansa da kansa ba tare da ajiye komai ba. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ruwaito cewa a 2017 jimillar jinginar ta kai kimanin dala biliyan 10.2, kusan kashi 76 cikin 100 lamunin inshora ne, kashi 12 kuma na masu tsaya wa kansu.

Raunin tsarin tsaya wa kai ya fito fili cikin watanni tara. Alpha Natural Resources ya shigar da takardun karyewa a Agusta 2015, Arch Coal a Janairu 2016, Peabody Energy, mafi girma a ƙasar, a Afrilu 2016. Su ukun suna ɗauke da alkawarin gyara na kimanin dala biliyan 2 wanda babu abin da ya tsaya masa sai sunan kamfani. Sun fita daga kotu da rai, kuma sun maye gurbin mafi yawan wannan alkawari da lamunin inshora, amma jihohi sun ga yadda suka kusa zama masu bin bashi a ƙarshen layi.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan wuyar magani. Manyan kamfanoni sun riƙa sayar da tsoffin mahaƙunsu, waɗanda kwal ya kusa ƙarewa a ciki amma aikin gyara ya taru, ga ƙananan kamfanoni marasa ƙarfi. Lasisi na komawa hannun sabon mai shi tare da duk nauyin da ke kansa. Kamfanin Blackjewel ya tara irin waɗannan mahaƙu, ya durƙushe a Yuli 2019. Cakin albashin ma'aikatansa ya dawo babu kuɗi, har ma'aikatan gundumar Harlan a jihar Kentucky suka zauna a kan layin dogo suka tare jirgin da ke ɗauke da kwal na kusan wata biyu. A 2021 kotu ta ba kamfanin izinin yin watsi da lasisi sama da 30 a Kentucky.

Ko inda lamunin inshora yake, sau da yawa bai kai kuɗin aikin ba. Wasu jihohi sun ƙayyade jingina da ƙaramin adadi a kan kowace eka, sauran kuma su dogara da asusun haɗaka da kamfanoni ke zubawa. A West Virginia iyakar ita ce dala 5,000 a eka. Mai binciken kuɗi na majalisar jihar ya bayyana a 2021 cewa jinginar da ake karɓa ba ta biyan fiye da kimanin kashi 10 cikin 100 na ainihin kuɗin gyara, kuma kamfanin inshora guda ɗaya ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na lamunin jihar. Asusun haɗaka kamar adashe yake: yana tafiya daidai idan mutum ɗaya ya gaza a cikin masu zubi da yawa, amma ba a tsara shi don ranar da sana'ar gaba ɗaya za ta faɗi ba.

Wannan ya sa jami'an jihohi cikin tsaka mai wuya. Idan suka ƙwace lasisin kamfanin da ya daina aiki, filin ya dawo hannunsu da kuɗin da bai isa ba. Shi ya sa mahaƙu da yawa ke zaune shekara da shekaru a matsayin waɗanda aka dakatar na ɗan lokaci, ba a haƙa, ba a gyara, ruwansu na ci gaba da gangarawa.

Jamus: ramuka sun zama tafkuna

Jamus ta Gabas ta kasance kan gaba a duniya wajen haƙar lignait, tana fitar da kimanin tan miliyan 300 a shekara a tsakiyar shekarun 1980. Bayan haɗewar ƙasar a 1990 an rufe yawancin mahaƙun cikin ƙanƙanin lokaci, aka sayar da masu riba, ragowar suka zama na gwamnati. An kafa kamfanin gwamnati mai suna LMBV a 1994 don gyara su, kuma tarayya da jihohi sun kashe sama da yuro biliyan 10 a kai.

Tunda an ƙona kwal ɗin, tarkacen da ya rage ba ya isa cike ramin. Mafita ita ce a bar ruwa ya cika shi. Ta haka yankin Lausitz, tsakanin Berlin da Dresden, ya samu jerin tafkuna sama da 20, an haɗa wasu da magudanan da kwale-kwale ke bi. Tafkin Senftenberg, wanda aka cika tsakanin 1967 da 1972, ya daɗe da zama wurin shaƙatawa. Na baya-bayan nan shi ne Cottbuser Ostsee mai faɗin murabba'in kilomita 19, wanda aka fara cikawa a Afrilu 2019 bayan rufe mahaƙar a 2015. Hotunan waɗannan tafkuna ake yawan nunawa idan ana son misalin gyara mai nasara. Ƙauyuka sama da 130 da aka tashe su a Lausitz saboda haƙa, da yawansu na ƙabilar Sorb, ba sa cikin abin da gyaran zai iya mayarwa.

Tafkunan ma suna da nasu matsalolin. Ruwan wasu yana da tsami ƙwarai, har sai jiragen ruwa na musamman sun riƙa zagayawa suna watsa farar ƙasa. Ƙasar da aka zuba a gefensu yashi ne marar ƙarfi, idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya jiƙa shi yakan malale kamar kunu. Ranar 18 ga Yuli 2009 gaɓar tafkin Concordia a Nachterstedt ta zame da gidaje, mutum uku suka rasu. Daga baya an hana shiga dubban hektoci na filayen da aka ɗauka an gama gyarawa, ana sake danne su.

Babbar taƙaddamar yau ita ce ta kogin Spree, wanda ke ratsa Berlin. Don a iya haƙa, an shafe sama da ƙarni ana zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa ana zubawa a kogin. Hukumar kula da muhalli ta tarayyar Jamus ta ƙiyasta a 2023 cewa an zuƙe kimanin mita kubik biliyan 58, kuma idan injuna suka tsaya, ruwan kogin zai iya raguwa da kashi 75 cikin 100 a wasu sassa a lokacin zafi. Birane da gonaki da dausayin Spreewald duk sun saba da ruwan da mahaƙu ke bayarwa. Ga sababbin tafkuna da ke buƙatar cikawa, rana kuma tana shan ruwansu. A wuraren da aka riga aka daina zuƙa, ruwan da ke tasowa yana ɗauko ƙarfe ya mayar da kogin ruwan ƙasa. Daga cikin shawarwarin da ke kan tebur akwai janyo ruwa daga kogin Elbe, abin da masu kare muhalli ke adawa da shi.

Dokar 2020 ta ce a daina amfani da kwal nan da 2038, kamfanin RWE kuma ya amince a 2022 ya daina a Rhineland a 2030. An shirya cika ramin Hambach da ruwan kogin Rhine ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 45, aikin da ake sa ran zai ɗauki shekara 40. A Lausitz, jihohin Brandenburg da Saxony sun sa kamfanin LEAG ya riƙa zuba kuɗi a wasu asusu na musamman da aka jinginar wa gwamnati. Masu suka na cewa asusun ya dogara da ribar da ba a samu ba tukuna, alhali aikin zai ci gaba shekaru da dama bayan an sayar da tan na ƙarshe.

Yankin Ruhr ya bi wata hanya da ta cancanci lura. A can haƙar ƙarƙashin ƙasa ta sa wasu unguwanni sun lotsa da sama da mita 20, har koguna ba sa iya gangarawa da kansu. Idan aka kashe injunan tura ruwa, wani babban sashe na yankin zai nutse. Jamusawa suna kiran wannan aiki da sunan da ke nufin ayyukan har abada. A 2007 aka kafa gidauniyar RAG, aka mallaka mata hannun jarin kamfanin sinadarai na Evonik, domin ribar ta riƙa biyan kuɗin da ya haura yuro miliyan 200 a shekara. An rufe mahaƙa ta ƙarshe, Prosper-Haniel, a Disamba 2018, shekara 11 bayan an ware dukiyar.

Wales

Bayan Aberfan gwamnati ta cire fam 150,000 daga kuɗin taimakon da jama'a suka tara wa iyalan mamatan, ta sa a aikin kwashe sauran tsibin. Sai a 1997 aka mayar da kuɗin. Batun ya sake tasowa a Fabrairu 2020, lokacin da mamakon ruwa ya zaftaro da kimanin tan 60,000 daga wani tsohon tsibi a Tylorstown. Ƙidayar da aka yi bayan nan ta gano tsibi sama da 2,500 a Wales, yawancinsu a filayen masu zaman kansu. Mahaƙar Ffos-y-fran da ke Merthyr Tydfil kuwa, wadda aka ba izini da sunan gyara tsohon fili, an rufe ta a ƙarshen 2023 da kimanin fam miliyan 15 a asusun ajiya, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da kuɗin cike ramin.

Najeriya da Nijar

An gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, kuma dominsa aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal. An kafa Hukumar Kwal ta Najeriya a 1950, haƙar ta kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun 1950 da kusan tan 900,000 a shekara, sannan ta yi ta raguwa bayan jiragen ƙasa sun koma amfani da dizal da kuma yaƙin basasa, har ta tsaya a farkon shekarun 2000. Tsoffin ramukan Onyeama da Okpara sun cika da ruwa, kuma masu bincike a jami'o'i sun sha auna ruwa mai tsami da ke fita daga Onyeama zuwa kogin Ekulu, wanda mazauna Inugu ke amfani da shi. Halin waɗannan ramuka ɗaya ne da na mahaƙun Amurka na kafin 1977, sai dai babu wani harajin tan da aka keɓe musu. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Jos sun nuna tsawon lokacin da irin wannan fili kan zauna idan mai haƙa ya tafi.

Haƙar da ake yi yanzu ta sama ce, kuma galibi masana'antun siminti take ciyarwa. Akwai ta a yankin Ankpa na jihar Kogi, da Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, inda kamfanin simintin Ashaka ke haƙa tun wajajen 2007 bayan an sauya wa ƙauyen matsuguni. Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta wajabta nazarin tasirin muhalli, da tsarin gyaran fili, da yarjejeniya da al'ummar wurin, da zuba kuɗi a asusun kare muhalli da gyara. Tunda waɗannan mahaƙu suna aiki, har yanzu akwai wanda za a karɓi kuɗin daga hannunsa.

A Nijar kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yana haƙar kwal a buɗaɗɗen rami a Anou Araren kusa da Tchirozérine, yana samar da wutar lantarki ga mahaƙun yuraniyom na Arlit da garin Agadas. Ruwan saman da ake samu a can bai kai kashi ɗaya cikin uku na iyakar da dokar Amurka ta ɗauka a matsayin busasshen yanki ba. Tafki irin na Lausitz ko daji irin na Appalachia ba sa cikin lissafi a wurin. Abin da gyara zai ƙunsa shi ne cike rami, rufe tarkace da toka don iska kada ta kwashe su, da kare rijiyoyin da makiyaya da masu lambu ke sha.